Wata Biyar da Fitilar LED a Kan Injin Sassaƙar Ƙarfe

Tun bayan ƙaramar Sallah abokan sana'a ke tambayata labarin fitilar da na ɗaura a kan injina, har wani ya taso takanas daga Dakata don ya ga haskenta da idonsa. Na gaji da maimaita zance a bakin shago, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Wanda yake jira in ce masa "je ka saya" kurum, sai ya yi haƙuri ya bi ni a hankali, domin sai da na ƙona ƙwan fitila uku, na yi asarar fitila guda, kafin in gane cewa ciwon ba a fitila yake ba.

Injina CA6140 ne, ƙirar Shenyang ta ƙasar Sin, na hannu na saye shi. Yana juya ƙarfe mai faɗin milimita 400 a kan gadonsa, motonsa kilowat 7.5, wuta mai layi uku yake ci. Shagona yana wajen Ƙofar Ruwa, rumfa ce mai zurfi da taga ɗaya tak, kuma tagar ma maƙwabcina mai walda ya jingina mata tulin kwano. Da La'asar ta yi, cikin shagon kamar Magariba. Yawancin aikina shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, na injin markaɗe ne da na famfon ban ruwa, sai bushin da mazaunin boris. Wanda ya taɓa fitar da mazaunin boris ya san kashi 2 cikin 100 na milimita ne tsakanin boris ya zauna daram da ya riƙa rawa. Ba a yin wannan da lalube. Sai ka ga bakin wuƙa, ka ga launin ɓarɓashin da ke fita, ka karanta ma'auni ba tare da ka kanne ido ba.

Fitilar da injin ya zo da ita mai dogon wuya ce, a bayan keken da ke ɗauke da wuƙa aka kafa ta, duk inda keke ya je tana biye. Ƙwanta halojin ne ɗan ƙarami mai ƙafa biyu, bolt 24, wat 50. Shekaru ta yi tana aiki ba ta taɓa sa ni magana ba, ban da zafin da take yi, wanda in ka manta ka jingina goshi da murfinta sai ka tuna.

Sai ta fara wasa. In keke yana kusa da cok, wato bakin da ke damƙe ƙarfe, haske ras. In na ja shi baya wajen wutsiyar injin, sai ta yi ja, ta lumshe, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. In na ɗan buga wuyanta da tafin hannu sai ta dawo. Yanzu da nake rubuta wannan ina jin kunyar kaina, don alamar a fili take: abin da yake canzawa da tafiyar keke ai ba ƙwai ba ne. Amma a lokacin aiki ya yi mini yawa, manoman rani na jiran famfunansu, sai na yi abin da kowa yake yi, na aiki yarona ya sayo ƙwai. Na farko ya yi sati uku. Na biyu yaron ya kama gilashinsa da yatsu masu mai, kuma halojin ba ya son haka, man yatsa yana sa gilashin ya yi tabo ya lalace da wuri. Na uku bai kai wata ba.

Daga nan na kira wani mai wayarin da ke yi wa mutanen layinmu gyara. Ba zan kama sunansa ba, yaro ne mai ladabi, kuma a wayarin gida ba shi da laifi. Ya zaro ƙwan, ya zura testa a soket, testa ba ta kawo wuta ba. Ya juyo ya ce, "Oga, taransifoma ta tafi." Yana nufin 'yar taransifomar cikin injin da ke sauke wa fitila wuta zuwa bolt 24. Ya ce mafita biyu ce: ko a kai ta a sake naɗi, ko ya jawo mini waya daga soket ɗin bango ya ɗaura ƙwan gida na 220, aikin minti goma.

Na farkon, wato zancen mutuwar taransifoma, ban san ƙarya ba ne sai daga baya. Testar nan mai kama da sukundireba ba ta haskawa a bolt 24, sai wuta ta ninka haka sau da yawa kafin ɗan ƙwan cikinta ya kama, don haka ko taransifoma na da ƙoshin lafiya abin da zai gani ke nan. Na biyun kuwa tun a wurin na ƙi. Ba don ado masu ƙera injin suka sauke wutar fitila zuwa 24 ba. Hannunka jiƙe yake da ruwan sanyaya ƙarfe, kana tsaye a kan ɓarɓashi, jikin injin ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, ga tsinin ɓarɓashi mai zafi yana faɗa wa waya dare da rana. Ranar da ya yanke rigar wayar 220 ya haɗa ta da jikin injin, kai ne hanyar da wuta za ta bi. Na ba shi kuɗin mota na sallame shi.

Yarona ne ya kawo shawara ta gaba, kuma da jin ta ka ce ta hankali ce. Ya ce, "Maigida, ai manyan motoci 24 suke amfani da ita. Me zai hana mu sayo fitilar tirela?" Muka sayo wata 'yar LED mai murabba'i a wajen masu kayan mota, muka ɗaure ta a tsohon wuyan da waya. Ta kama nan take, fari fat, har na yi masa alkawarin tsire.

Kwana biyu ina jin idona yana nauyi, ina cewa rashin barci ne. A rana ta uku na ɗora wani shaf siriri, na sa gudu a 900, wato juyi 900 a minti. Ina duban cok sai na ga haƙoransa uku suna tafiya baya a hankali, kamar injin da aka kashe yana ƙarasa juyi. Ga janareta na ruri, ga mai walda na ta yanka, kunne ba ya rarrabe ƙarar moto. Sai na ga yaron ya miƙo hannu da tsumma zai share ruwan da ke bin ƙarfen. Ban san lokacin da na make hannun ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin da ya faru lissafi ne. Fitilar mota wutar batir take so, mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake rubuta wa DC. Abin da ke fitowa daga taransifomar injin kuwa AC ne, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ita wannan mai arahar rabin zagayen kawai take ci, sai ta riƙa ƙiftawa sau 50 a daƙiƙa, da saurin da ido ba ya kamawa sosai. Cok mai haƙori uku a gudun 900 yana juyawa sau 15 a daƙiƙa, haƙori yana wuce gabanka sau 45 ke nan. Ƙiftawa 50, wucewa 45: kowane walƙiya yana kama haƙori ɗan baya kaɗan da inda na gabansa yake, sai ido ya ga kamar baya yake tafiya sannu-sannu. Da lambobin sun yi daidai, tsaye cak za ka gan shi alhali yana iya cire yatsa. Tsohon halojin bai taɓa yin haka ba, domin zaren cikinsa ba ya hucewa tsakanin zagaye da zagaye. A ranar na kwance fitilar tirela, na koma ɗaura tocilan a goshi kamar mafarauci.

Wani abokina mai injin niƙa a Sharaɗa ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran wutar injuna a masaƙa kafin a rufe ta. Baba ya zo a kan tsohon babur, da 'yar jakar fata. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa komai ba sai da ya sa na ba shi labari tun daga farko. Da na kai wajen "in keke ya ja baya sai ta lumshe", ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, ɗana. Wa ya ce maka taransifoma tana sanin inda keke yake?"

Ya kashe babban makunni, ya sa makullin akwatin wutar a aljihunsa bayan ya buɗe, ya gwada da mita ya tabbatar babu wuta kafin ya sa hannu. Ya nuna mini taransifomar, wadda shekara da shekaru ina tare da ita ban taɓa karanta allon jikinta ba. Tana karɓar bolt 380, tana fitar da kashi uku: 110 na na'urorin da ke tayar da moto, 24 na fitilar aiki, 6 na ɗan ƙwan da ke nuna injin a kunne yake. Ya ce tunda moto yana tashi, ɗan ƙwan nan kuma yana kamawa, ɓangaren shigar wuta lafiya lau, saura a duba na 24 shi kaɗai. Ya mayar da wuta ya auna a bakin taransifoma: 26 da ɗoriya.

Nan ya warware mini mutuwar ƙwai. An ƙera injin don 380, mu kuwa layi ukunmu yana kaiwa 400 zuwa 415, janaretana ma a 415 aka saita shi. Abin da ya ƙaru a shiga sai ya ƙaru a fita. Bolt biyu ba komai ba ne a ido, amma ƙwai mai zare ba ya yafe ƙari: kashi 5 cikin 100 kawai yana iya rage rabin kwanansa, mu kuwa muna wajen kashi 9. Ga girgizar injin, ga ɗaukewa da dawowa da wuta ke yi masa sau ɗari a yini.

Sai ya zo kan fis ɗin fitila, ya zaro shi, ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni. Silin waya ne naɗe a jikinsa. Ni na naɗa shi da hannuna wata rana da fis ya ƙone ina tsakiyar aiki, na ce gobe zan sayo, goben da ta shekara biyu. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Wannan da ya ƙone, magana yake yi maka, ka toshe masa baki." Ƙafa ɗaya ta layin 24 a jikin injin take, saboda haka duk wayar da ta feɗe ta taɓa ƙarfe fis ne ya kamata ya mutu. Da na hana shi mutuwa, taransifomar ce take shan zafin. Allah ne ya sa tana da sauran kwana.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya biya kuɗin zuwansa. Ya auna a soket ɗin fitila babu ƙwai, mita ta nuna 26 cif. Na ce, "To Baba, ai ga wuta nan tana zuwa." Ya yi murmushi, ya zaro wani ƙwan gwaji mai wayoyi biyu daga jaka ya maƙala, ya bar mitar a haɗe. Lamba ta faɗo ƙasa da 15, ƙwan ya yi ja kamar garwashi. Ya ce in ja keke baya. Ina juya hannun keke lambar na tsalle, da na kai ƙarshe ta koma sifili. Ya ce mita ba ta shan wuta, ko sili ɗaya ya rage a cikin waya za ta nuna maka lamba cikakkiya. Ƙwan wat 50 kuwa yana jan sama da amfiya 2, sili ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Shi ya sa ma fitilar tirela ta ruɗe mu, ita kaɗan take ja, sai ta kama ta rufa wa wayar asiri.

Ya kwance tiyon ƙarfen da wayar ke bi daga akwati zuwa keke, ya zaro ta yana bi da yatsa kamar mai duba ƙashin da ya goce. Daidai inda tiyon ke lanƙwashewa duk lokacin da keke ya motsa, rigar wayar ta yi tauri kamar busasshiyar fata saboda mai, ta tsage. Da ya feɗe ta, sili biyu ne suka rage, sauran sun karye sun yi baƙi. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Ya sa sabuwar waya mai laushi mai sili da yawa, ya bar mata rara yadda ba za ta ja ba in keke ya kai ƙarshe, ya sa fis na gaskiya. Bai cika awa biyu ba. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin ƙwai uku da fitilar tirela ba.

Soket ɗin tsohuwar fitilar ya riga ya ƙone, ƙafafun ƙwai ba sa kamuwa, shi ya sa muka yanke shawarar sayen sabuwa. Baba ya rubuta mini abin da zan nema a bayan rasit: ta injin ce ba ta mota ba, a ga AC/DC a rubuce, ta jure sama da 24, kuma a ga IP65 ko fiye, wato ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ba ya cutar da ita.

Na zaga Sabon Gari shago huɗu. Uku sun miƙo mini ta 220 mai gindin maganaɗisu suna rantsuwa ita kowa ke saye. Ko da ta 24 ce ba na son maganaɗisu a kan wannan injin, duk ɓarɓashin shago sai ya taru a gindinta kamar gemu. A na huɗu na samu. Ba ta da wani suna da za a ce an sani, ƙirar Sin ce a farin kwali, an rubuta AC/DC 24 zuwa 36, wat 10, IP65. Naira 38,000 na biya bayan ciniki, kuma kada wani ya riƙe wannan lamba, kayan waje farashinsu ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Mai shagon ya yi mini abu ɗaya da na yaba: ya haɗa ta da 'yar taransifoma a kan kantar shagon, ya bar ni na gwada. Na kaɗa biro da sauri a ƙarƙashin hasken kamar yadda Baba ya koya mini. In fitila na ƙiftawa, biron zai rabu ka ga kamar guda biyar jere. A nan inuwa ɗaya ce ta shafe sumul. Na ƙara da kyamarar waya, babu ratsin baƙi da ke gudu a fuskarta. Garanti kuwa ya ce babu, in ta fita ƙofa ta zama tawa. Aƙalla bai yi mini ƙarya ba.

To, bayan wata biyar me na gani?

Haske ya fi na halojin nesa ba kusa ba, kuma na bi duk gudun injin tun daga 10 har 1400 ina kallon cok, ban ga inda ya yi kamar ya tsaya ba. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi, kuma ta ci jarrabawar. Kanta yana ɗumi amma ba ya ƙuna, ruwan da ke fantsama ba ya soyuwa a gilashi kamar da. Da janareta da wutar gari haskenta ɗaya ne, ko lokacin da wuta ta yi ƙasa har fankar shago na jan ƙafa. Da yake ba ta kai rabin amfiya ba, taransifomar ma ta huta, in ka taɓa ta da yamma ba ta zafin da.

Amma farin ya yi yawa. A kan baƙin ƙarfe da ƙarfen zubi babu matsala, har ƙananan ramukan zubi kana gani. A kan ƙarfe mai sheƙi ko alminiyom kuwa, in ka saita ta kai tsaye sai hasken ya dawo maka cikin ido ka rasa bakin wuƙa. Dole ka kwantar da ita ta gefe. Wani abu kuma da ban zata ba: launin ɓarɓashi. Da hasken halojin mai ɗan ja na saba gane lokacin da ɓarɓashi ya tashi daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, alamar zafi ya yi yawa a bakin wuƙa. A ƙarƙashin wannan farin sai da na yi kusan sati biyu kafin idona ya sake koyo. Da akwai mai ɗan ja-ja irinta, ita zan ɗauka.

Wuyan ne ya fi ba ni haushi. Wata biyun farko yana tsayawa inda ka ajiye shi. Yanzu in ina cin ƙarfe mai kauri injin na girgiza, sai kan ya riƙa sunkuyowa a hankali kamar ɗalibi mai gyangyaɗi, kafin in gama wucewa ɗaya haske ya koma kan gado. Na ɗaure shi da 'yar sandar rodi daga gindi zuwa rabi, ya daina, amma na rasa rabin lanƙwasar da na biya kuɗi dominta. Mai shirin saye ya nemi mai gwiwa biyu da ake ɗaurewa da noti, ko da ta fi tsada. Wayar da ta zo da ita ma gajera ce, kuma rigarta ba ta yi mini kama da mai jure mai ba, don haka iyakarta gindin fitila, daga nan wayar Baba ce ta ɗauka. Ramukan gindinta ba su dace da na tsohuwar ba, sai da na fitar da ɗan faranti na huda. Makunnin yana cikin rigar roba, yana da tauri, da hannu mai mai sai ka danna sau biyu. Murfin gaban kuma roba ce mai kama da gilashi, ɓarɓashi mai zafi ya riga ya yi mata ɗigo-ɗigo. Na yanka farar roba na rufa a kai, in ta lalace in canza.

Zan sake sayenta? In ban sami mai gwiwa ba, eh. Kuɗinta bai fi ƙarfin aikin da take yi ba, kuma ciwon idon da nake tashi da shi ya tafi. Amma mutumin Dakata da ya zo kallo, da ya ce tasa ma lumshewa take yi in keke ya motsa, ban ba shi kwatancen shagon ba. Lambar Baba na ba shi. Shekaranjiya ya kira ni yana dariya, wai tasa ko waya ba ta karye ba, sukuru ɗaya ne ya kwance a bayan makunni, kuma tsohon ƙwansa na nan yana ci.